Kamfanin UAC da Manomin Gyaɗa a Ƙasar Kazaure da Maƙwabtanta, 1912–1994

Gabatarwa

Akwai waɗansu kalmomi da suka zauna daram a bakin Bahaushe har ya manta cewa baƙi ne, kamar su kamfani da kanti da sikeli da tan da kamasho da lebura da akawu. In ban da ta ƙarshen, wadda ta biyo ma'aikatan kudu daga Yarabanci, sauran duk daga Ingilishi aka aro su, kuma babbar ƙofar da suka bi suka shiga ƙauyukanmu ita ce cinikin Turawa, wanda a tsohon Lardin Kano gyaɗa ce jigonsa. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu waiwayi kamfanin da ya fi kowanne ƙarfi a wannan ciniki, watau United Africa Company, wanda aka fi sani da UAC, reshen babban kamfanin masana'antu na Unilever, domin mu auna irin zaman da ya yi da talakan da ya noma masa gyaɗa.

Mun taƙaita kallonmu ga yankin Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, waɗanda tun 1991 suke arewa maso yammacin Jihar Jigawa. Ukun farko suna cikin masarautar da Ɗan Tunku ya kafa a wajen 1819. Ita kuwa Babura ƙasar Dambazawa ce a ƙarƙashin Kano, sai bayan an yi Jigawa ta koma masarautar Ringim. Amma ta fuskar ciniki hali ɗaya suke: ƙasa ce mai yawan jigawa wadda gyaɗa ke so, layin dogo bai ratsa ta ba a zamanin wannan ciniki, kuma tana kusa da iyakar ƙasar da Faransa ta mallaka. Mafi yawan abin da aka rubuta game da gyaɗa ya tsaya ne a birnin Kano, a kan attajirai da dalar buhuna. Mu kuwa muna so mu tsaya a ɗaya ƙarshen igiyar, inda mai fartanya yake.

Asalin kamfanin

UAC bai faɗo daga sama ba a 1929. Tushensa kamfanin nan ne da George Goldie ya harhaɗa a 1879 daga ƙananan kamfanonin Ingilishi masu ciniki a kogin Kwara, wanda a 1886 gwamnatin Ingila ta ba shi takardar izinin yin mulki, ya zama Royal Niger Company. Watau ɗan kasuwa ne aka damƙa wa sanda da bindiga. Yana da sojansa da kotunsa, yana kuma aza kuɗin fito yadda zai kori abokan gasa. Mutanen Nembe da ya toshe wa hanyar cin abinci sun kai wa tasharsa ta Akasa hari a 1895, a 1897 kuma sojojinsa suka ci Bida da Ilori. Shi kansa Lugard ya yi wa kamfanin aiki a 1894 kafin ya zama gwamna. Wannan ya isa ya nuna cewa tun farko ba a raba hanta da jini tsakanin ciniki da mulkin mallaka a ƙasar nan.

Da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki da kanta ranar 1 ga Janairu 1900, ta biya kamfanin diyyar fam 865,000, sa'an nan ta yi masa alkawarin rabin kuɗin da za a riƙa karɓa daga masu haƙar ma'adinai, har tsawon shekara 99, a duk ƙasar da ke tsakanin kogin Kwara da wani layi da aka ja a taswira daga Yola zuwa Damagaram. Wanda ya ɗora ma'auni a kan taswira zai ga Kazaure da Babura duk suna cikin wannan yanki. Abin lura shi ne, lokacin da aka ƙulla wannan yarjejeniya Turawa ba su ci Kano ba tukuna, sai a Fabrairun 1903, zamanin Sarkin Kazaure Muhammadu Mayaƙi. An raba fatar tun akuya tana kiwo. Kuzar Jos ce ta riƙa biyan wannan kaso, kuma sai a wajen 1950 gwamnatin Nijeriya ta fanshi haƙƙin daga hannun UAC da fam miliyan 1.

A 1920 William Lever, mai sabulun Sunlight, ya sayi Kamfanin Neja a kan kuɗi fiye da fam miliyan 8, domin yana so ya riƙe maɓuɓɓugar man da masana'antunsa ke sha. A 1929 aka haɗe shi da babban kishiyarsa, African and Eastern Trade Corporation, aka sami UAC. A cikin shekarar kuma kamfanin Lever ya yi yarjejeniyar haɗewa da Margarine Unie na Holan, Unilever ya fara aiki a farkon 1930. Ma'anar wannan ga manomin Roni ita ce, mai sayen gyaɗarsa a Kano da mai matse ta a Turai da mai sayar masa da sabulu da atamfa duk sun koma gida ɗaya.

Yadda gyaɗa ta kayar da auduga

Turawa ba don gyaɗa suka jawo dogo zuwa Kano ba. Auduga suke hange, saboda masaƙun Lankasha, kuma ƙungiyar noman auduga ta Ingila da aka kafa a 1902 ta sa rai ƙwarai a kan ƙasar Hausa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga ciniki a 1912, sai manoma suka ba su mamaki. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Nijeriya ba ta wuce kimanin tan 2,500 ba, amma a 1913 ta haura tan 19,000. Jan Hogendorn, a littafinsa na 1978 kan asalin wannan ciniki, ya bayyana dalilan. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da Bature, saboda haka ba ta kai wa ga jirgi. Gyaɗa kuwa tana yi a jigawa, ba ta cinye ƙarfin ƙasa kamar auduga, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma ciniki ya ƙi, a ci ta. A can Turai kuma an gano dabarar daskarar da man tsirrai tun farkon ƙarnin, har ya zama ana yin majarin da shi, watau man shafa wa burodi mai arha da talakawansu ke ci maimakon man shanu.

Ya kamata mu yi wa tarihi adalci a nan. Ba da bulala aka sa manomi ya fara shuka gyaɗa ba. Lissafi ya yi, kuma fataken goro na Kano da suka saba da harkar bashi da amana su ne suka bazu ƙauyuka suna kwaɗaitar da shi. Amma akwai wani abu da ya tsaya a bayan lissafin nasa, shi ne haraji. Turawa sun kashe wuri, sun ce da sulallan Ingila za a biya, kuma lokacin karɓar haraji ya zo daidai da kaka. Gyaɗa ita ce hanya mafi kusa ta samun sule. Da haka zaɓin da aka fara da son rai ya rikiɗe ya zama tilas a hankali. Shekarar farko ta bunƙasar cinikin ma ba ta ƙare lafiya ba, domin ruwa ya ɗauke a daminar 1913, aka shiga yunwar nan ta 1914 da ake kira Kakalaba, wadda ta yi ɓarna mai yawa a arewacin lardin. Fari ne ya kawo ta, ba kamfani ba, amma ta sami rumbuna ba kamar yadda aka saba barinsu ba.

Daga gona zuwa sikeli

A nan ne za mu ɗan daɗe, domin a nan halin kamfanin ya fi fitowa.

Manomin Gwiwa zai iya shekara talatin yana noma wa UAC gyaɗa bai taɓa haɗa ido da Baturen kamfani ba. Tsarin kuwa shi ne: kafin kaka kamfani zai ba manyan wakilansa jari, wani kuɗi wani kaya, kamar gishiri da akoko da alawayyo. Mafi shahara cikin waɗannan wakilai shi ne Alhasan Ɗantata, wanda ya fara saya wa Kamfanin Neja gyaɗa a wajen 1918, ya kuma zama babban mai saya wa UAC har ya rasu a 1955. Kafin shi akwai irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo. Akwai kuma Larabawan Sham da Labanan, waɗanda ake kira Kwara. Waɗannan su ne za su rarraba jarin ga yaransu, yaran kuma su ba 'yan baranda da ke zagaya kasuwannin ƙauye da mudu da tiya. Kowane hannu da kuɗin ya bi sai ya ɗan rage, kowane hannu da gyaɗar ta bi a komawa sai ya ɗan ƙwaƙula.

Farashi kuwa daga sama yake gangarowa. Abin da masu matse mai suka yarda su biya a Libaful ko Rotadam, a cire kuɗin jirgin ruwa, a cire na jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, a cire ribar kamfani, shi ne farashin bakin dogo a Kano. Daga Kano zuwa Kazaure akwai kimanin mil 50, tafiyar kwana biyu ko uku ga mai jaki kafin motocin ɗaukar kaya su yawaita a hanyar Daura. Wannan ɗawainiya ma daga kuɗin manomi ake zabge ta. Ko da aka miƙa dogo ta Ringim zuwa Nguru a 1930, gabashin lardin ne ya amfana. Yankinmu ya ci gaba da sayar da gyaɗarsa ƙasa da farashin Kano, yana kuma sayen kananzir da yadi sama da farashin Kano, watau yana biyan kuɗin nisa sau biyu.

Sa'an nan ga bashi. Watannin da suka fi tsanani ga magidanci su ne na tsakiyar damina, sa'ad da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ga shi kuma aikin gona ya kai gaya. A lokacin ne mai jari ke ba da rance a kan amfanin da ke gona, abin da ake kira falle, a biya da kaka, sau da yawa ninki. Wanda ya ci falle ba shi da bakin yin tayi ranar awo, domin gyaɗar tasa ta riga ta zama ta wani tun tana cikin ƙasa. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya nuna yadda haraji da bashi da faɗuwar farashi suka haɗu suka raunana tsofaffin dabarun da talaka ke kare kansa da su daga fari. Ba mu ce UAC ne ya ƙago falle ba, ya girme shi. Abin da muke cewa shi ne, jarin kamfani ne ya cika wannan tsohuwar rijiya da ruwa, kuma kamfanin ya san yadda kuɗinsa ke aiki in sun bar kanti.

Wani zai ce, to, ai masu tauye mudu da masu danne sikeli da masu ba da falle 'ya'yan ƙasa ne. Gaskiya ne, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Al'ummar da aka yi wannan ciniki a cikinta ba ta rasa ma'aunin gane daidai ba. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya san an hana algus, an kuma hana rancen da ke jawo wa mai bayarwa amfani, kuma malaman Malikiyya sun hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su isa kasuwa su ji farashi, wanda shi ne ainihin sana'ar ɗan baranda. Saboda haka ba za mu wanke namu ba. Sai dai a ganinmu babban amfanin wannan doguwar igiya ga kamfani shi ne ta raba shi da zargi. Asarar da za a yi in damina ta ƙi tana kan manomi da ƙaramin dillali. Tsinuwar da za a yi a bakin sikeli tana kan akawu. Riba kuwa tana tafiya inda ba a jin tsinuwar.

Kada mu manta da mata. Ɓare gyaɗa a turmi aikinsu ne, kuma shekara da shekaru tan dubbai da suka bi jirgi ta hannunsu suka fita, a kan lada kaɗan ko a kyauta cikin aikin gandu. Da aka fara ba da ƙarin kuɗi a kan gyaɗar da ba ta farfashe ba a shekarun 1950, injin ɓara na hannu ya yaɗu, ɗan abin da suke samu ta nan ma ya koma hannun maza masu inji. Abin da ya rage musu shi ne mai da ƙuliƙuli, sana'ar da ta girmi kamfani, kuma ta ga bayansa.

Haɗin baki da shekarun karayar ciniki

Kamfanonin Turai da ke Kano, irin su UAC da John Holt da Paterson Zochonis da na Faransawa CFAO da SCOA, a ido kishiyoyin juna ne. Amma sau da dama sukan zauna su yi yarjejeniya a kan farashin da za su saya da kuma kason da kowa zai ɗauka, wanda ya wuce kasonsa ya biya sauran. Hujjarsu ita ce gasa marar linzami tana jawo asara da ha'incin dillalai. Ko da akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sakamakon ga mai sayarwa ɗaya ne: kantuna biyar, baki ɗaya. A ƙasar Gwalkwas irin wannan haɗin baki ne ya sa manoman koko suka ƙi sayar da amfaninsu a 1937 zuwa 1938, har gwamnatin Ingila ta aiko da kwamitin Nowell ya yi bincike, ya kuma soki yarjejeniyar. Manomin gyaɗa bai iya yin haka ba. Mai koko yana da ɗan abin da zai jingina da shi, shi kuwa namu dagaci yana ƙofar gida da takardar haraji.

Da cinikin duniya ya karye daga 1929, farashin tan ɗaya na gyaɗa a Kano ya yi ta gangarowa har ya faɗi ƙasa da fam 3 a kakar 1933 zuwa 1934. Mai hankali zai zaci noman zai ragu. Sai ga shi abin da aka fitar ya tashi daga kimanin tan 146,000 a 1930 zuwa kimanin tan 245,000 a 1934. Babu wani abin al'ajabi a ciki. Haraji bai sauka daidai da saukar farashi ba, don haka wanda a da buhu biyu ke fitar da shi, yanzu sai ya kawo huɗu ko biyar. Robert Shenton a 1986 da Moses Ochonu a 2009 duk sun yi bayanin wannan zamani. Shi ma UAC ya yi asara mai yawa a farkon shekarun, har sai da Unilever ya tallafe shi, ya kuma ƙara riƙe shi. Amma mu lura da bambancin: arhar gyaɗa da ta zama hasara ga reshen ciniki, sauƙi ce ga reshen da ke yin sabulu da majarin. Manomi ba shi da wani reshe.

Abin da ya nuna cewa akwai sarari a farashin shi ne labarin Saul Raccah, wani ɗan kasuwa mutumin Tarabulus da ke zaune a Kano. A ƙarshen shekarun 1930 ya ƙi shiga yarjejeniyar, ya riƙa saye da ɗan ƙari yana fitarwa da kansa, kuma cikin 'yan shekaru ya shiga sahun manyan masu fitar da gyaɗa. In da farashin manyan kamfanoni shi ne iyakar abin da kasuwa za ta iya ɗauka, da bai kai labari ba.

Mutanen Babura da na arewacin Kazaure suna da wata 'yar ƙofa da na kudu ba su da ita, watau iyaka. In farashi ya fi kyau a wajen Magarya, gyaɗa takan bi dare ta haura, in ya fi kyau a nan, ta can ta gangaro. Sai dai ƙofar ba ta da faɗi kamar yadda ake zato, domin UAC yana da reshe a ƙasashen Faransa mai suna Compagnie du Niger Français, kuma har zuwa farkon shekarun 1950 gyaɗar ƙasar Damagaram ta dogon Kano take fita.

Yaƙi, hukuma, da dalar gyaɗa

Yaƙin Duniya na Biyu ya sauya tsarin. Gwamnatin Ingila ta zama ita kaɗai ke sayen amfanin gona, ta hannun wata hukuma da ta kafa a 1942, kamfanoni kuma suka zama wakilanta. Da aka zo raba kason saye, sai aka ce kowa a ba shi gwargwadon abin da ya saba saya kafin yaƙi, kuma ƙungiyar manyan 'yan kasuwar Turai ta Afirka ta Yamma tana da babban hannu wajen tsara rabon. Haɗin bakin da a da ake yi a ɗaki ya zama doka ke nan, sabon shiga kuma ya sami ƙofa a rufe. P. T. Bauer, wanda ba mai ra'ayin gurguzu ba ne ko kaɗan, ya soki wannan tsari a littafinsa na 1954, ya kuma nuna cewa a 1949 kimanin sulusin kayan ciniki da ke shigowa Nijeriya ta hannun UAC suke bi, haka kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na amfanin gonar da ake fitarwa.

A 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa, a 1954 kuma ta narke cikin Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. An ce za ta riƙa tara rarar shekarun tsada domin ta tallafi manomi a shekarun arha. Lissafin Gerald Helleiner ya nuna cewa tsakanin 1947 da 1961 kusan rubu'in abin da ya kamata ya shiga aljihun manomin gyaɗa an riƙe shi, ta hanyar rarar hukuma da kuɗin fito. Wannan laifi ba na kamfani ba ne, na gwamnati ne, ta Turawa da kuma tamu bayan an sami mulkin kai, kuma gaskiya ne an yi hanyoyi da makarantu da wani ɓangare na kuɗin. Shi kamfani ya koma yana karɓar la'ada tabbatacciya a kan kowane tan, ba ruwansa da hawa da saukar kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai yanzu gardawan sun zama biyu.

Dalar gyaɗa da muke alfahari da ita a hotuna, asalinta alamar gazawa ce. Jirgin ƙasa ne ya kasa kwashe amfanin saboda ƙarancin kawuna da taragu bayan yaƙi, shi ya sa aka riƙa jibge buhuna a fili, ƙwari suna cin rabonsu. A daidai wannan lokaci, a 1946, shugaban UAC Frank Samuel ya kai wa gwamnatin Ingila shawarar a share daji a Tanganyika a noma gyaɗa da injuna, kuma kamfaninsa ne ya fara gudanar da aikin. Kafin a yi watsi da shirin a 1951 an narkar da fiye da fam miliyan 30, ba a sami abin kirki ba. Kaɗan daga cikin wannan kuɗi da ya isa ya sayi taragun da za su kwashe gyaɗar da manoman Lardin Kano suka riga suka noma da fartanya.

Abin da za a faɗa a madadin kamfanin

Masu kare kamfanin, irin su Frederick Pedler wanda ya yi darakta a cikinsa ya kuma rubuta tarihinsa a 1974, suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Ya kawo jari a lokacin da babu banki mai ba ɗan ƙasa rance. Ya buɗe wa amfanin gonarmu kasuwar duniya. Keke da kwanon sha da fitilar kananzir sun shiga gidajen da a da ba su san su ba. Gidajen kasuwanci na 'yan ƙasa, har da na zuriyar Ɗantata, a inuwarsa suka yi ƙarfi, kuma mutane da yawa sun koyi aikin ofis da na kanti a wurinsa. D. K. Fieldhouse, wanda ya yi nazarin takardun kamfanin ya fitar da littafi a 1994, yana ganin ribar da ya riƙa samu ba ta kai yadda masu suka ke zato ba.

Har ila yau in aka kwatanta da abin da ya faru a Kwango, za a ce mun yi arziki. A can gwamnatin Beljiyam ta ba Lever filaye masu faɗin gaske a 1911 domin kwakwar manja, kuma aikin tilas da aka yi a gandayen nan yana cikin abin da ya tayar da boren mutanen Pende a 1931. Mutumin da ya gina wa ma'aikatansa na Ingila unguwar Port Sunlight mai makaranta da asibiti, shi ne mai waɗannan gandaye. Ya nemi irin wannan dama a Nijeriya, gwamnati ta hana shi, musamman a zamanin Gwamna Clifford. Saboda haka rashin gandun tilas a ƙasarmu ba kyautar kamfani ba ce, hana shi aka yi. Wannan yana koya mana cewa halin kamfani ɗaya yakan bambanta gwargwadon abin da hukumar wuri ta bar shi ya yi.

Inda hujjar masu karewa ta fi rauni a ganinmu shi ne batun masana'anta. Kamfanin da sana'ar uwarsa ita ce matse mai, ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa ɗanya daga Kano, amma injinan matse mai na farko a birnin 'yan kasuwar Kwara ne suka kafa su, irin su George Calil. Masana'antar sabulun Lever tana Apapa tun shekarun 1920. Yadin da kantunansa suka cika kasuwanni da shi kuma ya rage wa masaƙa da marina ciniki, ko da yake saƙar gida ta yi taurin kai fiye da yadda Turawa suka zata.

Janyewa

Tun kafin gyaɗa ta faɗi kamfanin ya hango cewa zamani ya juya. A ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960 ya zare hannunsa daga sayen amfanin gona, ya bar wa wakilai 'yan ƙasa masu lasin, ya mai da jarinsa ga manyan kantunan Kingsway da sayar da motoci da injuna, da kuma kamfanin giya na Nigerian Breweries da ya kafa tare da Heineken a 1946, wanda ya buɗe reshe a Kaduna a 1963. Sa'ad da abin da hukuma ta saya ya kai kimanin tan miliyan 1 a kakar 1966 zuwa 1967, UAC ya riga ya bar bakin sikeli. Da farin 1972 zuwa 1974 ya zo, sa'an nan kuturtar gyaɗa da darɓa ke yaɗawa ta cinye amfanin 1975, babu abin da ya shafi littafin ribarsa. Manoman arewacin Jihar Kano ta wancan lokaci, har da na Kazaure da Babura, su suka rasa iri, da yawa suka koma ga gero da wake, daga baya kuma riɗi. An rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986.

Dokokin soja na 1972 da 1977 sun tilasta wa kamfanin sayar wa 'yan Nijeriya kashi 40, daga baya kashi 60 cikin 100 na hannun jarinsa. Masu kuɗin birane da manyan ma'aikata ne suka saya, domin babu wani tanadi da aka yi wa waɗanda suka noma jarin tun farko. A 1994 Unilever ya sayar da kashi 40 da ya rage masa, UAC na Nijeriya ya zama kamfanin 'yan ƙasa. Littattafan lissafin tsohon kamfanin da wasiƙun manajojinsa suna ajiye a Port Sunlight, rahotannin Razdan da na Di'o kan haraji da amfanin gona na Lardin Kano kuma suna gidan ajiye takardun tarihi na Kaduna. Ɓangaren manomi yana bakin dattawan Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura waɗanda suka kai gyaɗa sikeli da ƙuruciyarsu a shekarun 1950 da 1960, kuma muna ba sassan tarihi na kwalejojinmu shawarar su tura ɗalibai su ɗauki maganarsu, a tambaye su sunayen tashoshin awo, da nawa aka biya su, da wanda ya riƙe sikelin.